Rana tana ƙuna amma sola ba ta cika wat ɗinta

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka kafa farantin sola biyu masu wat 300 kowanne, amma ko a tsakar ranar Afrilu kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ba ta taɓa nuna maka fiye da 450 ba, shi ne kake tambaya ko jabu aka sayar maka. A ganina kayanka lafiya lau suke. Shekara shida ke nan da sola nake riƙe shagon cajin waya a nan Kano, kuma nima da farko haka na ɗaga hankalina.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, faranti haske yake ci, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Waɗancan ƙananan murabba'an da kake gani a ƙarƙashin gilashi da silikon aka yi su, wanda daga yashi ake tace shi. Idan haske ya sauka a kansu sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki su bi hanya guda, shi ne wutar da ke gangarowa ta waya zuwa batir, inbata kuma ta juya ta zuwa irin ta NEPA.

To wancan 300 da aka rubuta a bayan faranti, a ɗakin gwaji aka same shi, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan digiri 25. A bazara, a kan kwanon rufi, faranti yakan haura digiri 60. Taɓa shi da azahar ka ji yadda za ka janye hannu. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ka ga kusan kashi 15 sun tafi tun ba a zo ga waya da kwantirola da ƙura ba.

Ƙura ma ita ce ta fi ba ni wahala. Wani hunturu batirana suka daina cika, har na fara neman kuɗin sababbi. Da na hau sama sai na tarar gilashin ya yi fari fat, na ja yatsa ya bar layi kamar a kan allo. Bokiti ɗaya da tsumma mai laushi suka dawo da wutar a ranar. Tun daga nan duk kwana uku nake wankewa idan hazo ya sauka, kuma da sassafe, kafin gilashi ya ɗau zafi.

Ka duba inuwa kuma. Reshen darbejiya ko tankin ruwa ya rufe gefe guda, zai ja farantin duka ƙasa, domin murabba'an a jere aka haɗa su. Ka sa su fuskanci kudu da ɗan karkata kamar digiri 12, ka bar tazara a ƙasansu iska ta riƙa ratsawa.

Lissafin da nake yi shi ne: a Arewa muna samun daidai da awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana. Wat 600 na farantanka biyu sau awa biyar da rabi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, kana da kusan wat-awa 2,500 a wuni. Ya ishi fanka biyu, fitilu da talabijin. A watan Agusta, lokacin marka, ka rage kaya da dare domin batir ba zai cika kullum ba.

Wace irin kwantirola gare ka, PWM, wato ta gama-gari, ko MPPT, wadda ke tatso iya wutar da faranti zai iya bayarwa? Idan PWM ce, a nan ma kana asarar wani abu.