Talaka, Sawaba da Sarkin Yawa

Wani manomi daga ƙasar Ringim ya aiko da tambaya: "Malam, rumbuna uku gare ni cike da gero, ga shanun huɗa, amma dagaci yana kirana talakansa. Wannan ba raini ba ne?"

Ba raini ba ne, Baba. Mu 'yan zamani ne muka cakuɗa talaka da matalauci. Matalauci shi ne mai hannu baka hannu ƙwarya. Talaka kuwa, a Hausar iyayenmu, duk wanda bai riƙe sarauta ba, bai kuma gaje ta ba. Shi ya sa in an ce talakawan Sarkin Kano, har da attajiran Kasuwar Kurmi a ciki. Kishiyar talaka basarake ne, rumbu ba ya shiga lissafin.

Wannan tsohuwar ma'anar 'yan NEPU suka kama lokacin da suka kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950. Da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, ya ce talakawa, manomin karkara ya san da shi ake: shi ke biyan haraji ko damina ta yi gardama, makiyayi na biyan jangali kan kowace saniya, ga aikin tilas, ga 'yan dokan En'e, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa. Sunan jam'iyyar da Hausa ma abin lura ne, Jam'iyyar Neman Sawaba. A Larabci kalmar sawaba na nufin abin da yake daidai, amma Bahaushe ya karkata ta zuwa sauƙi, irin wanda majinyaci ke samu ko ɗan dako in ya sauke kaya. Ni dai ban san fassarar 'yanci da ta kai wannan daɗi ba. Kayan kuwa sun daɗe a ka, sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ya soke haraji da jangali, lokacin Ringim ɗinku tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanki Jigawa.

Wata malamar firamare daga Dawakin Tofa kuma ta ce, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", na 'yan siyasa ne?

Malama, aro suka yi. Duk wanda ya ga gayya ta cinye gonar da ta gagari ƙato ɗaya ya san gidan wannan karin maganar. A siyasa sai an ƙirga yawan tukuna yake zama sarki. Zaɓen 1951 a Arewa hawa-hawa aka yi shi, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, kafin a kai sama an tace ta tas. Manoman Amurka ma da suka kafa jam'iyyarsu a 1892 kukansu ke nan, a bar jama'a su zaɓi sanatoci da hannunsu, ba su samu ba sai 1913. A nan Arewa kuwa, ku mata sai a 1979 kuka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya.