Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙidayar Kifi da Murjani a Ƙarƙashin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Fot Sudan, na kuma iya kurme da tukunyar iska. Na ji an ce wanda ba masanin kimiyya ba ma yana iya ƙidaya kifi a duwatsun murjani. Yaya ake yi, kuma shin masana suna karɓar irin wannan aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna karɓa ƙwarai, muddin an bi ƙa'ida ɗaya ba a kauce ba. Kana kuwa wurin da ya dace, domin dutsen murjani na Sanganeb da gaɓar Dungonab da ke kusa da kai a Bahar Maliya UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ƙungiyar Reef Check, wadda ta yi ƙidayarta ta farko a faɗin duniya a 1997. Ana shimfiɗa tef na awo mai tsawon mita 100 a kan dutsen, a zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ana yin ɗaya a wuri marar zurfi, mita 2 zuwa 6, wani kuma tsakanin mita 6 da 12. A kan tef ɗin akwai zango huɗu na mita 20 kowanne, da ratar mita 5 a tsakaninsu wadda ba a ƙirga komai a cikinta.

Da kifi ake farawa, amma ba nan take ba. Mai shimfiɗa tef ya riga ya firgita su, don haka a dakata minti 15 su koma harkarsu. Sannan mai ƙidaya ya bi tef ɗin a hankali, idonsa a kan mita biyu da rabi ta dama, biyu da rabi ta hagu. Ba kowane kifi ake rubutawa ba, sai waɗanda yawansu ke nuna halin da wurin yake ciki: najil (wanda ake kira grouper da Turanci) da danginsa idan sun kai santimita 30, harid mai baki irin na aku idan ya wuce santimita 20, da ƙananan kifaye masu launi da ake kamawa don ado. Bayansa mai neman ƙananan halittu ya biyo yana leƙa ramuka, ya ƙirga bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, da manyan kawa, da tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani. Na ƙarshe ya saki ɗan ƙarfe mai igiya a kowane rabin mita, ya rubuta abin da ya taɓa: murjani mai rai, matacce, gansakuka, yashi ko tsakuwa. Wuri 40 ke nan a kowane zango, 160 gaba ɗaya. Amfanin ƙarfen shi ne ya hana ido zaɓen abin da ya fi kyau.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Ta cikin madubin fuska komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai sabon shiga ya ɗauki kifi mai santimita 24 ya ce ya kai 30. Maganinsa ka zana ma'auni a gefen allon rubutunka kana gwadawa. Wani kuma ya hango ƙaton najil can waje da iyaka, zuciya ta ce a sa shi. Kada a sa. A rubuta shi a gefe. Abin da ya fi damunmu shi ne mai jin kunyar rubuta sifili. Idan ba ka ga najil ko ɗaya ba, wannan sifilin shi ne labarin da masana ke nema, domin shi zai nuna an cinye wurin da kamu. Kuma a ɗauki lambar wurin da GPS, domin baɗi nan za a dawo, a wannan zurfin, a wannan lokacin na shekara.

Kafin ka nemi horo, ka tabbata kana iya tsayawa cak a ruwa kana rubutu ba tare da takalmin iyo ya taɓa murjani ba. Rubutu yana ɗauke hankali, saboda haka ka riƙa duba ma'aunin iska a ƙarshen kowane zango, kuma kada ka rabu da abokin kurmenka.

Tambaya: Ni a Jidda nake, iyo kawai na iya da bututun numfashi. Na ga murjani ya yi fari fat. Ya mutu ke nan? Akwai abin da zan iya yi?

Amsa: Malama, ba lallai ya mutu ba. Murjani dabba ce, a jikinta akwai ƙananan tsirrai da ke ba ta launi da yawancin abincinta. Idan zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba a tsakiyar bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni, sai ta fitar da su, farin ƙashinta ya bayyana. In ruwa ya huce da wuri tana iya farfaɗowa. Matacciya kuwa ba ta daɗewa da fari, gansakuka ce ke lulluɓe ta ta yi duhu. A watan Afrilu na 2024 NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta tabbatar da koɗewar murjani ta duniya karo na huɗu.

Aikinki ba ya bukatar tukunya. Jami'ar Kwinslan a Ostareliya ta fito da katin CoralWatch a 2002, mai launi huɗu, kowanne da mataki shida daga mai haske zuwa mai duhu. Ki kara katin kusa da murjanin ba tare da kin taɓa shi ba, ki rubuta lambar wurin da ya fi haske da na wanda ya fi duhu. Ki bar bakin rassa, domin fari ne ko da lafiya ƙalau. Ki yi wa guda 20 haka, kina zaɓe bayan kowane ɗan taƙi, ba waɗanda suka fi fari kaɗai ba, sannan ki tura wa CoralWatch sakamakon, da kwanan wata da zafin ruwa.

Tambaya: In na ga tsohuwar koma ta naɗe a dutse, in yanko ta?

Amsa: Kada ka yi kai kaɗai, ɗan'uwa, koma tana kama bawul ɗin tukunya ta baya inda hannu ba ya kaiwa. Ka ɗauki hoto, ka rubuta zurfi da wuri, ku dawo a ƙungiya da almakashi da jakar ɗaga kaya, wani na yanka wani na gadi. Sashen da murjani ya riga ya tsiro a kansa a bar shi, a yanke abin da ke lilo a ruwa kawai.