Tsanin ƙwallon tebur: amsa ga yarona da zai riƙe sabon ɗakin wasa

Ɗana, jiya bayan Isha'i muna naɗe raga ka ce mini: "Mu'allim, tunda za ka bar mini sabon teburin nan na kudancin Jidda, me zai hana in shirya gasar kofi, sili ɗaya ƙwale, a gama a dare biyu? Kuma me ya sa a allon tsaninka ba a yarda mutum ya nemi karawa da wanda ya ɗara shi da fiye da mataki uku?" Mutane sun yi yawa a lokacin, shi ya sa na ce ka bari in rubuto maka.

Fara da lissafi. A ce kana da 'yan wasa 16. In sili ɗaya ƙwale ne, wasa 15 za a buga a gama, kuma mutum 8 za su koma gida bayan wasa ɗaya tak. Wanda ya tashi daga gareji ko wurin gini, ya biya kuɗin mota ya zo, aka cire shi cikin minti 15, da wuya ka sake ganinsa. In kuma ka ce kowa ya kara da kowa, wasa 120 ke nan. Ko minti 20 kowane wasa ya ci, awa 40 kake nema a kan tebur ɗaya, ga masu aikin dare, ga direbobin gida da ba su san lokacin da za a sallame su ba. Tsani, wato jerin sunayen 'yan wasa daga gwani zuwa mai koyo inda na ƙasa ke neman karawa da na sama don ya hau, ba ya buƙatar kowa ya hallara lokaci guda. Mutum biyu su daidaita, su zo su buga, a sauya musu gurbi a allo. Tun rusau ɗin da aka yi a unguwannin Sabil da Karantina da Gulail a 2021 da 2022 mutanenmu suka watsu, tara su a dare guda ya zama aiki. Kofi ka bar shi sau ɗaya a shekara, bayan ƙaramar Salla, kuma da tsanin za ka jera su don kada gwanaye biyu su haɗu tun zagayen farko.

Allon kuwa ka yi shi da hannunka, tunda ka iya. Falanki ɗaya, ƙusoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane ɗan wasa da ɗan guntun katakonsa mai huda, an rubuta sunansa. Ka rataye shi inda mai shigowa zai fara gani. Ku riƙa tura sakamako ta WhatsApp, ba laifi, amma na lura mutum ya fi jin abin a ransa in ya ga an cire sunansa daga ƙusa ta 12 an maƙala a ta 9 a gaban jama'a. Kai kaɗai za ka taɓa allon. Ka ajiye littafi kusa da shi, ka rubuta rana da sunaye da makin kowane zagaye, duka biyun su sa hannu.

Yanzu maganar mataki uku. In ka bar ƙofa a buɗe, kowa wanda ke mataki na ɗaya zai nema. Shi zai gaji da buga wasan da ba ya ƙaruwa da komai, su kuma su sha kashi 11 da 2, 11 da 3, ba su koyi komai ba sai jin kunya. Wasan da ke gyara hannu shi ne wanda ka kara da wanda ya ɗan fi ka, har kuka kai 9 da 9 zuciyarka na bugawa. Mataki uku yana riƙe mutum a tsakanin sa'o'insa. Kuma bai toshe wa kowa hanya ba: a tsani mai mutum 20, wanda ke can ƙasa nasara 7 a jere za ta kai shi sama. In kun haura 30, kana iya mai da shi huɗu. Ba na son a wuce haka.

Akwai hanya biyu ta sauya gurbi, kuma a nan nake so ka natsu. Wasu musanya suke yi: na 9 ya ci na 6, sai na 9 ya hau 6, na 6 ya faɗo 9. Da ita na fara shekarun baya, kuma ita ta kashe mini tsanina na farko. Faɗuwar mataki uku a dare ɗaya ta yi wa mutane zafi, sai na sama suka fara ɓuya. Yau ciwon kafaɗa, gobe kafili (ubangidan aiki) ya riƙe ni, jibi baƙi sun zo daga Madina. Mutum biyu suka zauna a saman allo wata da watanni ba su buga da kowa ba, na ƙasa suka ga ba amfani, suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Laifin tsarin da na kafa ne, domin na sa tsoron faɗuwa ya fi son wasa ƙarfi. Yanzu in na 9 ya ci na 6, ya hau 6, na 6 ya koma 7, na 7 ya koma 8, na 8 ya koma 9. Wanda aka ci mataki ɗaya kawai ya rasa. Na tsakiya ma sun zame ƙasa ba tare da sun buga ba, kuma hakan nake so, don su gane zama wuri ɗaya tsautsayi ne. In mai neman karawar ne ya sha kashi, ba abin da ke motsawa.

Wanda aka nema yana da mako ɗaya ya amsa ya buga. Bai zo ba, ba uzuri, a rubuta an ci shi. Kada ka ji nauyin kowa a kan wannan, ko dattijo ne, ko shi ya sayo mana ƙwallaye. Ranar da ka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ranar allon ya zama katako kawai. Wanda aka ci kuma ba zai nemi ramuwa nan take ba sai ya buga da wani tukuna, in ba haka ba mutum biyu za su mallake teburin suna ta ramuwar gayya. Kowa ƙalubale ɗaya zai riƙe a lokaci guda.

Uzuri na gaskiya daban ne. Kai ka san daga tsakiyar Zulƙida rabin 'yan wasanmu suna tafiya Makka da Mina aikin alhazai, wasu kuma suna zuwa gida ganin iyali. Wanda ya sanar kafin ya tafi, ka cire katakonsa ka rataye a gefe, ka rubuta lambarsa. In ya dawo ya shiga ƙasa da inda ya bari da mataki biyu. Da azumi sai bayan Tarawihi ake wasa, sai ka mai da wa'adin kwana 10. Baƙo daga ƙasa yake farawa, amma in ka ga hannunsa ya nuna, ka ba shi dama ɗaya ya zaɓi duk wanda yake so. Ya ci, ya zauna nan. An ci shi, ya koma ƙarshe. Wannan ya fi a bar shi yana yi wa masu koyo kisan mummuƙe har wata biyu.

Dokar wasa ka tsaya a kan ta duniya, ita ke kashe gardama. Zagaye maki 11 ne tun 2001, ba 21 da manyanmu suka saba ba. Sabis, wato bugun farko, biyu biyu ne, in an kai 10 da 10 ya koma ɗaya ɗaya har wani ya ba da tazarar maki biyu. Wanda ya fara cin zagaye uku cikin biyar shi ya yi nasara. Rigima a wurin sabis take, don haka ka koya wa kowa tun ranar farko: ƙwallo a buɗaɗɗen tafin hannu, a cilla ta sama aƙalla santimita 16, kuma kada a kare ta da jiki ko hannu. Daga mataki na biyar zuwa sama ka sa mutum na uku ya riƙe maki. Kuɗi kuwa kada ya shiga tsakanin 'yan wasa, ko riyal ɗaya, ko da sunan wanda aka ci ya sayi shayi. Caca ce, kuma daga nan ƙiyayya take farawa.

Teburin ma yana cikin adalci. Tsawo mita 2.74, faɗi 1.525, tsayi santimita 76, tsayin raga santimita 15.25. Ka saki ƙwallo daga santimita 30, ta taso kusan 23 a ko'ina. In wani gefe ya mutu, laimar Jidda ta shiga katakon. Ƙwallon nan giram 2.7 ce kawai, iskar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ko fanka tana karkatar da ita, don haka ka juya bakin iskar sama, kuma a riƙa sauya gefe bayan kowane zagaye. Ka ajiye tsumma busasshe, domin in laima ta kwanta a robar bat ƙwallo sulɓewa take yi.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne mutum 5 na ƙarshen allo. Na sama ba sa buƙatarka, za su zo ko ba ka kira su ba. Lokacin da aka yi gasar Saudi Smash a nan Jidda a watan Mayu 2024, Wang Chuqin na Sin ya ɗauki kofin maza, yara da yawa suka cika mana ɗaki, kowa na son ya zama shi ko Aruna Quadri, ɗan Najeriyar da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Rio a 2016. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda suka sami abokin karawa daidai da su, suka ga sunansu ya motsa ko da ƙusa ɗaya. Ka ware musu awa ɗaya ranar Juma'a bayan La'asar, ka tsaya da kanka ka gyara musu riƙon bat da tsayuwar ƙafa. In ka ga wani ya yi mako biyu sunansa bai shiga littafi ba, ka kira shi a waya, ka haɗa shi da wanda ke samansa.

Gobe in Allah ya kai mu ka biyo ta shago da safe. Na yanke maka falankin, akwai ƙusa 24 da ma'aunin ruwa, mu je mu daidaita ƙafafun teburin kafin a rubuta sunan kowa.