Zaƙulo Waɗanda Suka Yi Rajista Sau Biyu

Tambaya: Ni ce mai kula da rajistar wata ƙungiyar manoma a Funtuwa, bayananmu kuma suna cikin MySQL, wato manhajar adana bayanai a kwamfuta, a teburin da muka kira mambobi. Rabon taki ya gabato, shugabanni suna zargin wasu sun yi rajista fiye da sau ɗaya. Ta yaya zan gano waɗanda lambar wayarsu ta zo ɗaya ba tare da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Malama, umarni guda ya isa ya fara miki aikin, in dai gurbin da kike zuba lambobin a teburin sunansa waya:

SELECT waya, COUNT(*) FROM mambobi GROUP BY waya HAVING COUNT(*) > 1;

GROUP BY yana tara layukan da lambarsu ta zo ɗaya wuri guda, COUNT ya ƙirga su, HAVING kuma ya bar miki rukunin da ya haura ɗaya kawai. Lambobi zai nuna miki ba sunaye ba, saboda haka sai ki nemi cikakken bayanin masu kowace lamba da WHERE waya IN, ki zuba lambobin a cikin baka.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, kwamfuta harafi da harafi take kwatantawa. Wanda aka rubuta masa lamba da 0803 a farko, wani magatakardan kuma ya sake rubuta ta da +234803, a wurinta mutum biyu ne, kuma zai wuce ba a gan shi ba. Lambobi 10 na ƙarshe su ne ba sa canzawa, don haka ki cire tazarar da ke tsakaninsu da REPLACE, sannan ki tara su da RIGHT(waya, 10). Ki kuma ƙara WHERE waya IS NOT NULL kafin GROUP BY, in ba haka ba duk waɗanda ba su ba da lamba ba za su taru a rukuni ɗaya kamar masu laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da za a ɗauka bayan sakamakon ya fito. A ƙauyukanmu miji da mata da 'ya'ya kan yi amfani da waya ɗaya, alhali kowa da gonarsa, kuma goge ɗayansu hana shi haƙƙinsa ne. Suna ma ba hujja ba ne, domin Musa Ibrahim ya fi a ƙirga. Ki kwafi teburin ki adana tukuna, ki buga jerin a takarda, shugabanni su kira mutanen su tantance su da lambar NIN, wadda kowa ke da tasa shi kaɗai. Bayan an gyara, ki buɗe wa NIN gurbi a teburin ki sa masa sharaɗin UNIQUE, ta yadda MySQL zai ƙi karɓar lambar da ta riga ta shiga.