Za a rushe filayen tanis na unguwarmu, an ce za a gina wasu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a wani birni a Amurka. A lambun shaƙatawa na unguwarmu akwai filayen tanis guda huɗu da ake shiga kyauta, can yarana suka koyi wasan. Yanzu hukumar birni ta ba wani kamfani wurin zai gina gidajen haya, an ce mana za a gina wasu filayen. Shin dole ne su gina? Me za mu nema a taron jin ra'ayin jama'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dole ko ba dole ba, ya danganta da tarihin lambun. Ka je ofishin kula da lambuna na birninku ka tambaya ko an taɓa kashe wa wurin kuɗi daga asusun gwamnatin tarayya na kare ƙasa da ruwa, wanda ake kira LWCF. Dokar asusun ta 1965 ta ce duk wurin da ya ci kuɗinsa ba za a mayar da shi wani abu ba sai da amincewar tarayya, kuma sai an bayar da wani wuri mai daraja ɗaya a kasuwa, mai amfani da mazauni kwatankwacin na farko. Idan lambunku bai taɓa cin wannan kuɗi ba, to sai dokar jiharku da abin da aka rubuta a yarjejeniyar birni da kamfanin.

Sai dai ko da dokar tana bayanku, kalmar "kwatankwaci" faɗi gare ta. 'Yan'uwanmu mazauna Bronx a birnin New York sun ga haka da idonsu. A 2006 aka fara gina sabon filin wasan ƙungiyar ƙwallon besbol ta Yankees a kan lambunan Macombs Dam da Mullaly, aka ci eka sama da 20, har da filayen tanis. Filin Yankees ya buɗe a watan Afrilun 2009. Filayen tanis 16 da aka yi a madadin suna Mill Pond Park, bakin kogin Harlem, ƙetaren babbar hanyar Major Deegan. Shi kuwa Heritage Field, filin wasan jama'a da aka shimfiɗa a gurbin tsohon filin Yankees, sai 2012 aka yi bikin buɗe shi. A takarda an cika alkawari. Amma yaron da yake shekara 10 lokacin da aka kafa shinge ya kai 16 kafin a gama biyan unguwarsa bashin.

Saboda haka kada ku yarda da cinikin biri a sama. Ni dai a ganina, abin da ya fi komai shi ne jerin aikin: a buɗe sababbin filaye kafin katafila ta taɓa tsofaffin. In an ce ba zai yiwu ba, a rubuta ranar kammalawa, kuma kamfani ya ajiye kuɗin aikin a hannun birni tun kafin a ba shi izinin gini. Da zarar gidaje sun tashi an fara karɓar haya, ba ku da sauran abin matsa masa. A rubuta kuma adadin filayen, da inda za su kasance, da cewa kyauta ne. Fili mai kyau da sai an tsallaka titi mai layi shida, ko sai an biya kuɗin awa, bai maye wa yaranka gurbin komai ba.

Ku kuma nemi ganin zanen, da awo a jiki. Layin filin tanis mita 23.77 ne a tsawo, 10.97 a faɗi in na 'yan bibbiyu ne, amma da wurin gudu a baya da gefe ana buƙatar kusan mita 36.6 da 18.3. A nan ake yawan matse aiki, ka ga ɗan wasa ya ja baya zai tare ƙwallo sai ya ji wayar shinge a ƙeyarsa. Tsawon filin ya kalli kudu da arewa, in ba haka ba ranar safe da ta la'asar za su riƙa dukan ido. A ba shi 'yar gangara, kamar santimita 1 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta. In daɓen kankare ne, sai ya yi kwana 28 kafin a shafa fenti. Wanda aka yi wa gaggawa kan fara ɓamɓarewa da wuri.

Wani abu da ya shigo yanzu shi ne wasan pikilbol, mai kama da tanis amma a ƙaramin fili. Filayensa huɗu na iya shiga wurin filin tanis ɗaya, don haka za a iya ce muku an ba ku "filaye huɗu" alhali ba na tanis ba ne. Wasan ba laifi, amma ku tabbata kalmar tanis ce a takardar.

Kafin ranar taron, ku ɗauki mako biyu kuna ƙirga masu zuwa filin safe da yamma, da hotuna masu kwanan wata. Ku miƙa buƙatunku a rubuce, ku ce a shigar da su cikin rahoton zaman, sannan ku karɓi kwafi.