Wane kayan miya ne ya fi kyau a kasuwa da damina?

Malama, tumatirin da kika ce ya yi tsada kuma duk ruwa ne, lokacinsa ne ya wuce. Na rani, irin na Kura da Kadawa, daga Janairu zuwa Maris yake cika kasuwa. Na damina laima ke sa shi tsagewa ya ruɓe, don haka sayi na kwana biyu kawai, ki cike da kauɗa.

Yanzu kuɓewa da yakuwa da rama ne a wadace. Kuɓewa ki karya bakinta: in ya ɓalle ƙas, ɗanya ce, in ya lanƙwashe ta ƙosa. Masara kuwa ki soka farce a ƙwaya, farin ruwa ya fito. Ki je da sassafe, kafin rana ta dafa ganyen.