Babban kafireto ba shi ne ƙarfin inji ba

Ajiye sifanar nan tukuna, Habu, ka matso. Ka ce mai babur ɗin can mai inji cc 125 yana so a cire masa kafiretonsa a ɗora na babur mai cc 200, wai don ya riƙa zabura kamar doki, kana tambaya ko za a yi. Ɗorawa ba wuya, noti biyu ne. Amma kafin Juma'a zai dawo yana cewa mun lalata masa babur.

Abin da yara da yawa ba su gane ba, kafireto ba ya tura mai. Fistin ne ke zuƙo iska idan ya sauka, iskar ta bi ta maƙogwaron kafireto, wurin da ya tsuke, sai ta ƙara gudu. Wannan gudun ne ke jawo mai daga jet, wato 'yar kafar da mai ke fitowa, ya farfasa shi ya zama kamar hazo. Ka taɓa lura da zugazugin maƙera? Da bakinsa na da faɗi kamar na tulu, da ƙarfe bai yi ja ba. To haka nan. Ƙaramin inji, ƙaton maƙogwaro, sai iska ta riƙa tafiya a sanyaye, mai ya fito ɗigo-ɗigo, rabi ya ƙone, rabi ya bi salansa. Kana murɗa totur babur ya shaƙe, ya yi tari, sannan ya tashi.

Shi ya sa idan na aike ka kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kafireto nake cewa ka duba lambar jikinsa. PZ19 na 110 ne, PZ26 na 125, PZ27 na 150, PZ30 sai 200 zuwa sama. Lambar kusan faɗin bakin ce a milimita. Mai shago kuwa, wanda ya fi tsada zai miƙo maka.

Babba yana da ranarsa, idan inji na can ƙololuwar juyi. To mutumin nan tsakanin Kurna da Sabon Gari yake yini, cikin 'yan adaidaita sahu, tashi tsaya, tashi tsaya. Yaushe zai ƙure totur? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ga wanda ke da fetur ɗin zubarwa ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kafireton Solex mai baki biyu na fijo 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna. A cikin gari ƙaramin bakin ne kaɗai ke aiki, sai direba ya hau hanyar Zariya ya taka sosai na biyun yake buɗewa. A babur kuma akwai kafireto mai roba a kansa, wanda ke ɗaga kansa gwargwadon jan inji. Yana da laushi kuma yana rangwamen mai, sai dai in robar ta huje ko da tsinin allura ne, babur ba zai ja ba.

Awon da fetur ke so, iska 14.7, mai 1, a nauyi. Mu ba mu da ma'auni, fulogi ne ma'auninmu. Launin ƙuliƙuli, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat kuwa, mai ya yi kaɗan, kuma fistin ne zai biya kuɗin.

Ni ma zargina, rashin zaburar babur ɗin nan ba daga kafireto ba ne. Hunturu ake, ina jin soson tace iskarsa ƙura ta toshe shi. Je ka kwance shi, ka zaro fulogin, ka kawo min duka biyun in gani.